Abin da Hajjo Ta Faɗa da Fillanci

Tasawa, 6 ga Afrilu

Taubashina Muniru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da zafin can gabas da aka ce ya ninka namu. Yaya ƙafar da ka ce tana damunka? Mu nan lafiya lau, yaran nan huɗu duk garau suke, sai Hamani da ya yi mura ya warke.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Wayata ba tawa ba ce ni kaɗai, yara su ɗauka, madam-madam na lakol, makarantar da nake koyarwa, su ɗauka su duba hoto, kuma maganar da zan yi maka ba ta shiga waya ba ce. Sa'idu shofer da ke kai muku kaya can wurin haƙar mai ya yi mini alkawarin hannu da hannu.

Muniru, ina cikin tashin hankali. Kwana uku da salla muka tafi Issawane gaisuwa. Muna zaune cikin mata sai Gwaggo Binta, tsohuwar nan ta gidan bayan rijiya, ta ƙura wa Hamani ido ta ce, "Allah mai iko, ɗan wa da ƙanwa ke nan." Aka ce Gwaggo me kike faɗi? Ta ce a shekarar yunwa ta tamanin da huɗu uwar maigidana ta kwanta zazzaɓi nononta ya ƙafe, kuma da idonta ta ga Innata ta ɗauke shi ta sa a nono. Lokacin Inna tana goyon yayana Laminu. Tana gama faɗi ta ci gaba da tsinkar zogalenta kamar ba ta ce komai ba. Ni kuwa kwanon da ke hannuna ban san sa'ad da ya faɗi ba.

Ka san hukuncin. In ya sha nonon Inna, to yayana ne, aure babu. Shekara goma sha huɗu, Muniru, da 'ya'ya huɗu.

Baban Hamani ya kai maganar gaban Malam Cha'ibu, limaminmu. Malam ya ce a ba shi zuwa ƙarshen watan Mayu ya bincika tsofaffin Issawane da na El Allassane, kafin nan mu yi kaffa-kaffa. Tun ranar maigida ya kwashe tabarmarsa ya koma ɗakin zaure. Ba faɗa, ba fushi. Da safe ya gaishe ni kamar baƙuwar da ta sauka gidan, wannan gaisuwar ita ke kashe ni.

Inna ta rasu, uwarsa ta rasu, kakarka Hajjo da ta karɓi haihuwarsu duka ta rasu. Amma na tuna abu guda. Shekara goma da suka wuce, da kake memwar ɗinka, binciken gama jami'a, kan rijiyoyi da burtali, ka yi ta ɗaukar Hajjo a kamera. Akwai ranar da ita da Inna suka zauna suna lissafin haihuwar rugar da wa ya shayar da wa. Tsohuwar ordinatar, kwamfutar da ka bari gidanmu da ɗaukar a ciki, tana cikin adakata. Na fiddo ta jiya. Tana kamawa, amma tana wata ƙara ƙas-ƙas daga ciki, ramukan sa kile, wato filashi, duk sun mutu, lasifika babu sai da ekuter na sawa a kunne, kuma kwata ɗin awa take yi ta ɗau zafi ta mutu. Ga shi duk da Fillanci suke magana, ni ko ka sani a gidan Babana na tashi ba a ruga ba, ban wuce gaisuwa ba.

Maigida bai san da wannan ɗaukar ba. Kai ma kada ka faɗa wa kowa, ko matarka. Ka ji da kunnenka ka faɗa mini, in akwai hanya. Ina jin tsoro ƙwarai.

Taubashiyarka,
Zulfa

*

Sansanin aiki, 11 ga Afrilu

Zulfa,

Wa alaikumus salam. Ƙafa ta yi sauƙi, alhamdulillahi. Ki shafa mini kan yara.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sau uku na karanta takardarki a tsaye. Na tuna ranar sarai. Fishiye, wato fayil ɗin bidiyo, na ashirin da bakwai ne cikin talatin da ɗaya, wajen awa biyu. Na kafa kamera Hajjo ta kore ni, ta ce namiji ba ya zama inda ake maganar biƙi. Ban taɓa saurarensa ba, don ba ruwan memwar ɗina da shi.

Bari in fara da hanya mafi sauƙi. Mijinki Abdussalamu ya fi ni jin Fillanci, a ruga ya tashi, kuma yana nan cikin gidanki. Ki miƙa masa ekuter a gama. Auren ba naki ba ne ke kaɗai.

In kin ƙi, na san taurin kanki tun kina rarrafe, to ga kwali na ba Sa'idu. Da farko kada ki kuskura ki aiko mini da ordinatar. Ƙarar nan diskin ciki ne ke mutuwa, hanyarmu kuwa ko mai lafiya sai ta girgiza shi. Kada ki kai ta wurin masu gyara na bakin kasuwa. Tunda ramukan kile sun mutu, ta iska kawai za mu fitar da abin.

Cikin kwalin akwai farin akwati, rutar ke nan, kuma da diski babba a cikinsa. Na riga na shirya komai, naki haɗawa ne kawai. Bokis ɗin intanet na gidanku ba ya iya ajiye komai, shi ya sa muke buƙatar wannan. Ga yadda za ki yi.

Ki ajiye rutar kusa da bokis, a sarari, kada ki rufe ta da ƙyalle don na san halinku da lulluɓe kaya. Ki ɗauki kabul ɗin da ke cikin kwalin, bakinsa ɗaya ki sa a ramin bayan bokis ɗinku, ɗayan ki sa a ramin rutar mai launin shuɗi, wanda ke gefe shi kaɗai. Masu ruwan ɗorawa guda huɗu ki bar su. Sannan ki sa mata kuran, wato wutar lantarki. Fitilar gaba za ta yi ta ƙiftawa ruwan lemo, bayan minti biyu ta tsaya kore. In ta yi kore, rutar ta samu intanet daga bokis ke nan, kuma ni daga nan zan iya leƙa cikinta.

Sai a lokacin za ki kunna ordinatar. Ki nemi rezo, wato wifi, mai suna Issawane, kod ɗin shiga yana manne a ƙarƙashin rutar. Za ki ga hoton diski ya fito. Ki jawo na ashirin da bakwai ki saka a ciki, shi za ki fara, sauran su biyo baya. In ta mutu a tsakiya ki bar ta ta huce ki sake. Ki ɗora ta kan bulo biyu kusa da randa.

Abu guda nake roƙonki da girman Allah: kada ki kunna ta kafin fitila ta yi kore. Kowace kunnawa daga sauran kwananta ake cirewa, kuma ba mu san nawa suka rage ba.

Ko me Hajjo ta faɗa, gara a sani. Allah ya sa mu ji alheri.

Naki,
Muniru

*

Tasawa, 17 ga Afrilu

Muniru,

Salama da gaisuwa. Muna lafiya, sai zafi da ya sa muke tashin yara daga lakol tun kafin azahar.

Kwali ya iso. Baban Hamani ya tambaya, na ce masa kayan aikin lakol ne ka aiko mini. Shi da kansa ya matsar da bokis ya share masa wuri kan tebur. Ban taɓa yi masa ƙarya irin wannan ba, har yanzu bakina ɗaci yake.

Na haɗa, fitila tana nan ruwan lemo, sai ƙiftawa take kamar mai ciwon ido. Ba ta yi kore ba.

Maganar in ba shi ekuter, ka bar ta. Kai namiji ne ba za ka gane ba. In shi ya fara ji, a take zai miƙe ya tafi wurin Malam, ko takalmi ba zai tsaya sawa ba, haka yake da abin addini. Ni ina son in sani kafin kowa, ko da kwana ɗaya ne, in san yadda zan tsaya da ƙafafuna gaban yaran nan.

Sannan mene ne nufinka da "gara a sani"? Tun da na karanta layin nan abinci bai yi mini daɗi ba. Wanda bai san komai ba ba ya magana haka. Hajjo kakarka ce, a ɗakinta ka girma. In ta taɓa faɗa maka wani abu, don Allah ka fito fili, ka daina ja na da kabul da fitila.

Zulfa

*

Sansanin aiki, 22 ga Afrilu

Haba Zulfa,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan kin ci abinci kafin ki buɗe wannan.

Wallahi tallahi ban san komai ba. Hajjo ba ta taɓa yi mini maganar ba, ko da wasa. Abin da na rubuta shi nake nufi, ba wani abu a ƙarƙashinsa. Ki yafe mini in na ƙara miki damuwa.

Yanzu fitila. Na gwada rutar nan sau biyu kafin in rufe kwalin, lafiyarta ƙalau. In ta tsaya ruwan lemo, abu uku ne. Ko kabul bai shiga sosai ba, sai kin ji ya yi ƙas. Ko kin sa shi a ramin ɗorawa maimakon shuɗi. Madam guda mai koyar da 'yan CM2, ajin ƙarshe na firamare, a ce shuɗi da ɗorawa sun gagare ki? Da Hajjo na da rai da ta ce dama ku Haɓe sai an nuna muku saniya sau biyu. Ko kuma kabul ɗin ne ya lalace a hanya, shi ya sa na sako wani cikin ambulof ɗin nan, da zanen bayan rutar na yi kibiya a kan ramin.

Ki cire kuran na duka biyun, ki ƙirga talatin. Ki fara mayar da na bokis, ki jira fitilunsa su zauna, sannan na rutar. In duk kin yi ba ta canza ba, ki ɗauki hoton bayansu ki turo mini ta waya. Hoton kabul ba zai tona asirin kowa ba.

Ki hanzarta. Zafin nan da kike faɗi shi ne babban abokin gabar diskin nan, ko a kashe take. Ni kuma ba ni da kwanje, hutun aiki, sai tsakiyar Yuni, na roƙi shef, mai gidanmu na aiki, ya ƙi. Kullum in na tashi aiki sai na duba ko rutar ta bayyana.

Muniru

*

Sansanin aiki, 8 ga Mayu

Zulfa,

Lafiya kuwa? Sa'idu ya zo sau biyu hannu wofi. Ya ce ya tsaya ƙofar gidanku an ce kina ciki, kika aiko cewa babu saƙo. Hoton ma ban gani ba. Na kira wayarki ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, ta Abdussalamu kuma ina tsoron kira kada in ɓata abin da kika ɓoye.

Kwana goma sha shida ke nan. Zuciyata ta kai ni wurare da yawa. Ko Malam ya sami shaida ta biyu an riga an raba ku? Ko kina kwance? Ko fushi kike da ni saboda wasan da na yi miki? In shi ne, na janye, bakina ne ba shi da linzami.

Saura sati uku wa'adin Malam ya cika. In rutar ce ta gagara ki faɗa, in nemi wata dabara. Ko layi ɗaya ne ki rubuto, hankalina ya ƙi kwanciya.

Muniru

*

Tasawa, 13 ga Mayu

Yaya Muniru,

Assalamu alaikum. Lafiyata lau, yara ma haka, ba a raba mu ba tukuna, kuma ba fushi nake da kai ba. Kunyarka nake ji, ita ta hana ni rubutu.

Na san shuɗi, na san ɗorawa. Tun ranar farko na gane ramin. Da gangan na sa kabul a na ɗorawa, na zauna ina kallon fitila tana ƙiftawa ina jin sanyi a raina. Na ce muddin ba ta yi kore ba, ba wanda ya san komai, ni matar aure ce har gobe. Har addu'a na yi ordinatar nan ta mutu da kanta in huta. Allah ya yafe mini.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Ka ce kada in kunna ta, ni kuwa kullum sai na kunna. Da na dawo daga lakol, yara na islamiyya, maigida na shagonsa na maganin dabbobi, sai in rufe ƙofa in sa ekuter in buɗe na ashirin da bakwai. Na ce ko ban ji Fillanci ba ai na san fuskar uwata. Na yi ta turawa gaba ina komowa baya har na sami wurin, awa ɗaya da minti goma. Nan Hajjo ta ambaci sunan uwarsa, sannan sunansa, sannan sunan Inna, duk a numfashi guda. Sai Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na motsi. Hajjo ta ɗaga hannu ta yi wata magana mai tsawo, tana nuna ƙirjinta.

Muniru, na kalli wurin nan ya fi sau arba'in. Wata rana in rantse dariya Inna take, irin wadda take yi in an tuna mata wautar ƙuruciya. Washegari in kalla in ga kuka ne ƙarara. Hannun Hajjo ma haka, yau in ga tana cewa ni na hana, gobe in ga tana cewa ni shaida ce. Na rame, zanena har ninki biyu nake yi masa. Direktanmu ya tambaye ni ko in je asibiti.

Abin da ya karya ni shekaranjiya ne. Ƙaramarmu Amatullahi ta kai wa babanta ruwa ɗakin zaure, ina jin ta daga madafa ta ce, "Baba, Mama ce ta kore ka?" Ya ce a'a. Ta ce to me ya sa? Ya ce, "Ina jiran wata amsa ce, uwata." Yana jiran amsa, amsar tana cikin adakata ƙarƙashin zannuwa. Sannan ran nan da na kunna ordinatar sai da ta yi ƙas-ƙas ya fi sau ashirin kafin ta kama, hoton Inna ya tsaya cik ya dare gida-gida. Nan ne tsoro na gaske ya shige ni. Ashe ba mutuwarta nake so ba.

Jiya bayan la'asar na cire kabul na sa a shuɗi. Ko minti biyu ba a yi ba ta yi kore. Na zauna ƙasa na yi kuka. Na sami rezon Issawane, na sa kod, diski ya fito kamar yadda ka ce. Na ɗora ta kan bulo kusa da randa ina yi mata fifita da mafici. Na jawo na ashirin da bakwai, ya ɗan tafi ya tsaya. Na ce ko gajiya ce, na jawo sauran, su suna tafiya sumul. In ta huce zan sake jawo shi.

Yanzu yana hannunka. Ka ji, ka rubuto mini gaskiya yadda take, kada ka sassauta don tausayi. In yayana ne ka ce yayana ne. Zan mutu in tashi, amma zan ji.

Ƙanwarka mai laifi,
Zulfa

*

Sansanin aiki, 21 ga Mayu

Zulfa,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Ba ni da abin yafewa, da ni ne a wurinki ban san abin da zan yi ba.

Kin ce in faɗi gaskiya, to ga ta. Ranar da rutar ta bayyana mini na yi sujada a ɗakina. Fishiye talatin sun iso lafiya, ba abin da ya taɓa su. Na ashirin da bakwai kaɗai ne bai iso ba. Daga nan ina ganin kin sake jawo shi sau shida, kuma kowane karo a wuri ɗaya yake tsayawa. Tun ranar Lahadi ban sake ganin ordinatar a rezo ba, na san ta mutu ke nan.

Minti huɗu ne suka shigo. Na saurare su har na haddace. Hajjo tana gyara zama, tana ƙorafin gwiwarta, ta ce a miƙo mata goro, ta yi mini tsiya cewa na kafa mata ido ɗaya na ƙarfe na gudu. Innarki tana dariya. Hajjo ta ce, "To, daga ina za mu fara?" Shi ke nan.

Ban tsaya nan ba. Sauran talatin ɗin na bi su ɗaya bayan ɗaya, kwana biyar, ko ta sake taɓo maganar a wani wuri. Rijiyoyi ne, da shanu, da sunayen wuraren da suka yi ƙaura a shekarar yunwa. Ta ambaci zazzaɓin uwar Abdussalamu sau ɗaya, ta ce ta sha wuya, ba ta ce komai kan shayarwa ba.

Na san abin da za ki tambaya. Ko kallon da kika yi ta yi ne ya cinye wurin? Ban sani ba, kuma ba wanda zai iya rantsuwa. Diskin dama a bakin mutuwa yake. Abin da kika kwatanta na mayafi da hannu kuwa, na juya shi ta kowace fuska, ba zan iya gina miki hukunci a kai ba.

Saura dabara ɗaya, kuma kada ki sa rai da yawa. Akwai wani abokina Ɗan Malam a Yamai, aikinsa ke nan ceto abin da ke cikin mataccen diski, kuma mutum ne mai riƙe sirri. Na rubuta lambarsa a bayan takardar nan. Ki naɗe ordinatar cikin bargo, a riƙe ta a cinya har can. Amma ke ba ki iya tafiya Yamai ba tare da maigidanki ya san dalili ba. Kin gane abin da nake faɗa miki.

Ina yi muku addu'a kowace salla.

Muniru

*

Tasawa, 9 ga Yuni

Yaya Muniru,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. An yi ruwan fari ran Talata, mutanen Bawdeta sun fita shuka. Yara suna gaishe ka.

Malam Cha'ibu ya kira mu ranar talatin ga wata. Ya ce ya taka har Issawane da El Allassane, ya zauna da tsofaffi goma sha ɗaya, bai sami ko mutum ɗaya da ya gani ko ya taɓa jin maganar ba sai Gwaggo Binta. Ita ma da ya sake tambayarta ta ce ta ga an ɗauke shi an rungume, ta tabbata an sa shi a nono, amma ko ya kama ko bai kama ba, shekara arba'in ba wasa ba ce. Malam ya ce shaidar mace ɗaya ba ta rushe aure, aurenmu yana nan daram, mu je mu zauna lafiya. Maigida ya yi hamdala har da hawaye. Da muka dawo ya naɗe tabarmarsa ya mayar ɗaki, Amatullahi na tsalle a bayansa.

Kwana biyu na iya. Yana murna, yana ta jan yara da wasa, ni kuwa abin da na ɓoye masa yana cina. Rana ta uku bayan ya karya kumallo na fiddo ordinatar na ajiye gabansa, na faɗa masa duka. Ɗaukar Hajjo, takardunka, farin akwatin da na ce na lakol ne, kabul da na sa a ramin da ba shi ba, sati uku da na yi ina kallon abin da ba na ji. Ban rage komai ba.

Na ɗauka zai yi faɗa, wallahi da ya yi da na ji sauƙi. Ya dubi ordinatar. Sannan ya ce, "Zulfa, ni fa ina ɗakin zaure. Taku goma ne tsakaninmu. Da kin kira ni."

Washegari ya naɗe ta cikin bargo ya hau mota zuwa Yamai, a cinya ya riƙe ta har can. Kwana uku ya yi wurin Ɗan Malam. Mutumin ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya buɗe diskin ya nuna masa inda ya karce, ya ce ko a Turai ba mai fitar da komai daga nan. Maigida ya dawo da ita ya miƙa mini ya ce in mayar inda take.

Ya koma wurin Malam ya faɗa masa wannan ma, don ba ya iya ɓoyewa. Malam ya ce abin da ba a ji ba ba shaida ba ne, hukunci bai canza ba, mu kori waswasi. Muna ƙoƙari. Maigida bai sake tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya, kuma bai koma zaure ba.

Rutar tana nan kan tebur, kore. Jiya ya zauna ya saurari Hajjo tana lissafin rijiyoyi, ya ce muryarta ba ta tsufa ba. In ka zo kwanje ka ɗauki kayanka, na gode da duk wahalar da ka sha, Allah ya saka maka da alheri.

Ka ce kana yi mana addu'a, to kada ka daina. Malam ya mayar mini da mijina, kuma ina sonsa fiye da da. Amma duk sa'ad da ya ɗora hannu a kafaɗata sai gabana ya faɗi, shi ma kuma sai ya yi saurin janye hannun. Ba ya faɗa, ni ma ba na faɗa. Duk waɗanda suka sani suna kabari, Muniru, kuma ba sauran wanda za mu tambaya.

Taubashiyarka,
Zulfa